Mis Verlyn Cabey, Wadda Ta Tono Sunayenmu Daga Toka

Ƙarfe bakwai na safe Mis Verlyn Cabey take buɗe ofishin rajistar haihuwa a Brades. Takan goge teburinta da jiƙaƙƙen tsumma, ko da dutsen nan mai aman wuta na tsibirinmu ya shekara bai watsa toka ba, sannan ta juyo da kujerarta ta ba kudu baya. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da takwas.

Mu mutanen Montserrat mun san abin da ke kudu. Plymouth ce, garinmu, kwance ƙarƙashin toka har rufin ɗakuna. Lokacin da doka ta ce mu ma 'yan ƙasar Birtaniya ne cikakku, mun yi murna, sai dai kowa sai ya kawo shaidar cewa a tsibirin nan aka haife shi. Da yawa kuwa, lokacin da dutsen ya fashe, sun gudu da rigar jikinsu kawai.

Tsoho Cleophas Tuitt na cikinsu. Matarsa na kwance asibiti a Landan, likitoci sun ce a kira dangi, shi kuwa ba takarda ba fasfo. Ya zauna gaban Mis Verlyn yana juya hularsa.

"Verlyn, 'yar nan, ƙauyenmu ma babu shi yanzu. Anya an haife ni kuwa?"

"Da wannan surutun naka, Kawu? Ai kowa ya shaida."

Ta san wasu tsofaffin littattafan rajista sun rage a wani bene a Plymouth. Ta nemi izini har aka ba ta awa biyu. Alwyn Dyett, direban da ya kai ta, ya ce ko tsuntsu ba su ji ba, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A kan toka suka taka har tagar bene, nan suka shiga, don ƙofar tana can ƙasan ƙafafunsu. A ciki ga kofin shayi kan tebur, ga rigar sanyin wani rataye a kujera. Karnuka uku suka biyo su, suka tsaya a taga suna kallo, babu wanda ya yi haushi. Alwyn ya ce da ta ɗago littafin farko sai ta miƙa masa ya taɓa, ya ji shi da ɗumi kamar jikin mutum.

Sai jiniyar gargaɗin dutsen ta tashi daga nesa. Alwyn ya roƙe ta su tafi, ta ce saura littattafai huɗu, ya kama mata. Ƙasa na rawa suka fito da goma sha ɗaya.

Sunan Cleophas na cikin na bakwai. Ya riski matarsa da rai, ya yi kwana tara a gefenta.

Mis Verlyn, ke ce kika zauna shekara biyu kina kwafe shafukan nan da hannu, kina karanta kowane suna a bayyane, na rayayyu da na matattu, har abokan aikinki suka daina shigowa idan kin fara. Ciwon tarin da kika kwaso ranar nan har yau bai sake ki ba, ba ki kuma taɓa yi mana gori ba.

Mun gode, Mis Verlyn, uwar marasa takarda. Ku da za ku gaji teburinta, idan mutum ya zo ba shi da shaida, kada ku sallame shi. Ku tashi ku nemo masa.