Takalman Kawu a Bakin Ƙofa

Jiya a garin Wendover na ga takalma a ƙofar wani gida, sai na tuna da kawuna.

Wata uku muka yi da kawuna a wani ƙaramin masauki a Piraeus ta Girka muna jiran biza, ɗakinmu na ƙarnin kifi. Kullum a bakin ƙofa yake tuɓe takalmansa. Tsohuwa mai gidan ta shigo da su, shi kuma ya mayar.

Yakan ce, "Gidan mutane ne, ɗana, ba tasha ba."

Bizata ta fito, tasa ba ta fito ba, na taho na bar shi. A can ya rasu, ban ga ko kabarinsa ba. Tsohuwar ta aiko mini da hoto: takalman suna ƙofa, ta kasa ɗauke su.

Allah Ya haskaka makwancinka, Kawu. Ni kuma Ya yafe mini tahowar da na yi.