Kiɗa Biyu a Aljihu, Daga Maraɗi Zuwa Yamai

Ana sallame sallar asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar tashar Maraɗi, ni da abokina da muke saka kiɗa tare a gidajen biki. A aljihuna akwai kile, wato filashi, ɗauke da kiɗa biyu da na haɗa a ordinata, wato kwamfuta. Ɗaya cikin wasa na yi shi, ganga mai dukan ƙirji da wata ƙara kamar usur, sai ga shi ya bi wayoyin mutane. Ɗayan kuwa na yi watanni a kansa, na zuba gurmi, kalangu, sarewa, har da kukan tantabaru, amma duk bikin da na saka shi sai fili ya watse. Wata mai sutudiyo a Yamai, da kowa ke ce wa Tanti, tana neman masu haɗa kiɗan rawa na na'ura, ta ce in zo ta ji. Na riga na yi wa Inna alkawari, in wannan karon ba a dace ba zan bar kiɗa in koma shagon yayana.

Hanya ba laifi, in ban da wuraren da gudron, wato kwalta, ya farfashe. A Galmi wata mata ta shigo da buhun albasa, muka yi ta shaƙarsa har Doso. Kusa da Kure direba ya rage gudu, ga raƙuman dawa suna cin ganye a bakin hanya. Abokina ya yi barcinsa, ya farka yana musu cewa ba mu ga komai ba.

A Yamai mun sauka a unguwar Lazaret wajen wani ɗan'uwanmu tela, aka tarbe mu da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa. Na yi ƙari ba kunya.

Washegari muka shiga kasuwar Wadata neman wayar kaske, abin jin kiɗa na sawa a kunne. Muna kutsawa tsakanin masu kura da ƴan kabu-kabu, sai na ji kiɗana, mai usur ɗin, yana tashi daga rumfar mai tura waƙoƙi a waya. An ƙara masa sauri, wani ma ya ɗora sunansa a kai. Wani ɗan dako yana gyaɗa kai da kaya a bisansa. Na ce wa mai rumfar, “Malam, ni na yi kiɗan nan.” Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Jiya ma wani ya faɗa mini haka.”

Sutudiyon Tanti ɗaki ne ƙarami a unguwar Dar es Salam, bango duk an manna masa soso. Na fara saka mata kiɗan da na sha wa wahala, na kuma tanadi dogon bayani kan yadda mutane ba su san fasaha ba. Ta rufe ido ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, “Ƙanena, don mutane sun ƙi abu ba shi ke sa ya zama mai kyau ba. Kowa na magana a kiɗan nan, ba mai sauraron wani.”

Na saka mai usur, ta yi dariya ta ce bayan salla ba mai tuna shi. Sai kuma ta dawo da shi baya, daidai inda na yanke ganga na ɗan numfashi kafin ta sake faɗowa.

“Ji nan,” in ji ta. “Wannan shirun ne ke tada mutane daga kujera. Ka iya, ba ka dai san ka iya ba.”

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka sha shayi a ƙofa har ya dawo. Daga nan muka hau rage kiɗan da na sha wa wahala. Sarewa ta fita, tantabaruna suka tashi ina ji ina gani, aka bar kalangu da ganga mai kauri, gurmi ya shigo sau ɗaya ya yi abinsa ya tafi. Da la'asar Tanti ta juya bafur, wato sifika, zuwa titi. Ba taro aka yi ba. Mai tuyar fari masa dai ta fara kaɗa kafaɗa, wasu ƴan makaranta suka tsaya har ya ƙare, ɗaya ta ce a maimaita. Sauran mutane suka wuce harkarsu. Tanti ta ce in dawo bayan girbi, za ta gwada ni aiki.

Da komawa, abokina ya zauna a taga ya ƙi runtsawa, raƙuman dawa kuma suka ƙi fitowa. Mun shiga Maraɗi ana kiran magariba, Inna ta ji labari ta sa albarka.

Na tafi ina jin haushin masu rawa, na dawo ina jin kunyarsu. Yawan masu tura kiɗa a waya yana nuna ya kama mutane yau, ba ya nuna zai kai baɗi. Ƙarancinsu ma ba shedar gwaninta ba ne. A bikin da na yi wa kiɗa ranar asabar na saka sabon kiɗan, fili ya ragu amma bai watse ba, har uwar amarya ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu.