Babur ɗin Auwalu ya tashi

Wallahi jiya na sha wuya, jama'a. Ku ji abin da na gani!

Tun rasuwar ɗana Auwalu bara babur ɗinsa ke kulle a shago. Ko kallonsa ba na iya yi. Jiya na ce a sayar kawai a huta. Na kira Sunday makanike, na ce ya zo da cajar mota, don na san batiri ya mutu.

Ya duba, ya ce, "Baba, wannan batirin litiyam ne fa, cajar mota lalata shi za ta yi." Ya ɗaura wayar batirin, ya danna maɓallin tayarwa. Babur ya tashi nan take! Sai da na ja da baya.

Sunday ya ce, "Baba, wani na cajinsa a gidan nan."

Sai ga matata a bakin ƙofa, cajar Auwalu a hannunta. Ta ce, "Malam, ni ce. Shi ya koya min. Nakan cire batirin in sa masa wuta, ba na bari ya cika, in mayar."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Aikin da ya bar min ke nan."

Yau da safe na kira wani mutumin Sabon Wuse da ya ce zai saya, na ba shi haƙuri. Na ce wa matata ta nuna min yadda ake yi.