Minti Goma da Aka Hana Baba Mai Gam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Gam, bayan wata bakwai yana jinyar huhu. Shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa gam a masana'antarmu ta takalma.

Baba, ranar da na kama aiki a ɗakin bincike, kai ka jawo mini kujera ka ce, "Zauna 'yar kwamfuta, tsayuwa tamu ce." Ba ka duba rubutun jikin duro. Murfi kake buɗewa ka shaƙa, ka faɗi abin da ke ciki, mu kuma mu tafa maka. Yau in na tuna tafin nan kunya ke rufe ni.

Tarinka ne ya zaunar da ni wata biyar ina zuba wa kwamfuta bayanan sinadarai, tana auna wanne ke cin jiki, wanne zai maye gurbinsa lafiya. Ta tace dubu huɗu ta fitar da uku. Muka gwada ɗaya, ya riƙe takalmi ƙam. Aibinsa kawai, sai ya ƙara minti goma kafin ya bushe.

"Minti goma? Ai layin aiki zai tsaya," in ji manaja. Ya naɗe rahotona ya tokare tagar ofishinsa da shi don iska ta shiga, wai warin ɗakinka yana sa masa ciwon kai.

Jiya ya zo gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, amma hannunsa ne ya tokare tagar nan. Raina a ɓace yake, har da kaina nake fushi: shekara biyu ina wucewa ina ganin rahoton yana shan rana, bakina a rufe.

Ɗakinka an ba ƙaninka. Ɗazu na tarar ya buɗe duro zai kai hanci kamar yadda ya gani a wurinka. Na fizge murfin, na haura ofis na zare rahoton, tagar ta rufu a kan manaja da warinsa. Gobe zan kai shi gaban masu duba lafiyar ma'aikata, in kora ce a kore ni.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya yafe maka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba matarka Inna da 'ya'yanka biyar haƙurin rashi. Ƙaninka kuma, Allah Ya bar mana huhunsa.