Kawu Arzika da Buhun Albasa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Arzika ya san ba ya wuce mutum. Ko a kan gangara yake, ya hango wani a bakin hanya, sai ka ji ƙiiii, goshinka ya gaisa da gilashi. In ka yi ƙorafi ya ce, "Mota ba ta san mutane ba, ni nis san su."

Hutun lakwal, wato makaranta, na wata damina, ya ce zai kai mu Keita wurin Kaka, uwarsu shi da innarmu. Innarmu ta ɗaure buhun albasar da ta noma da hannunta a garka, tsarabar tsohuwa. Ta daɗe ba ta je ba, ba ta so ta shiga gidan uwarta hannu sake. Ni da ita muka zauna gaba, ƙannena suka hau bayan tsohuwar bashe, motarsa mai buɗaɗɗen baya, tare da kaya.

To, ba mu ma fita Madawa ba ya taka birki wurin mai faci. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa. Sai muka ga Kawu ya zaga baya ya kwance bakin buhu.

Innarmu ta ce, "Yaya! Albasat tsohuwa ta hwa!"

"Ɗan biyu na, Hajo. Buhu bai ko ji ba."

Ɗan biyun Kawu kuwa hula ake cikawa.

Can gaba muka iske wani dattijo a kan jaki. Wayyo gaisuwa! Ina mai ɗaki, ina ɗiya, ya ciwon ƙafar nan? Dattijo yana ta "lahiya lau" yana zare ido, ya karɓi albasa ya yi gaba yana waiwaye. Na ce, "Kawu, wane na wanga?"

"Shi ban gane shi ba, ɗiyata. Amma jakin na san shi sarai."

Ga shi da tsumin isansi, wato man mota. Da mun hau tudu sai ya kashe mota ta gangara da kanta, in ta ƙi tashi a ƙasa mu sauka mu tura, shi yana ciki yana ba da umurni. Innarmu ta share gumi ta ce, "Isansi kana tattali, albasata kana sadaka!" Daga nan ta haye baya ta zauna daram a kan buhu, ta ce sai dai a raba da ita.

Da muka kai wajen Karofane, Kawu ya tsaya ƙofar wani gida, ya shiga, ya fito fuska a natse.

"Hajo, tsohuwar gidanga ta ji kin zaka, ta ce ko ƙanwata ta yi girman da ba ta gaisuwa?"

Ina innarmu za ta kai wannan magana? Ta gyara mayafi ta shiga. Kafin ta fito, rabin unguwa ya samu na miya.

Hanyar da masu taksi ke yi da hantsi, mu sai gab da magariba muka shiga Buza, gidan wani abokinsa. Keita sai gobe. Bayan mota ya cika da abin da aka yi ta saka mana: cuku, ƙwan zabi, kuka, da wani zakara mai baƙin rai da ya yi ta saran ƙanena. Buhu kuwa ya koma kamar matashin kai. Innarmu ta ɗaga shi da hannu ɗaya, sai hawaye. A nan dariyata ta tsaya, na ji haushin Kawu har wuya.

"Mi zan ce ma tsohuwa? Na noma mata, ka rabar ma duniya."

Kawu ya buɗe ƙofar mota, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujerarsa. Albasa ce manya-manya, jajaye, waɗanda suka fi kowace kyau a buhun. Ashe tun asuba ya zaɓe su ya ɓoye.

"Ke dai akwai gajen haƙuri. Wa ka mance uwatai?"

Innarmu ta jefe shi da buhun, tana kuka tana dariya. Daren nan fura ta yi mana daɗi ƙwarai.

Ran da Kawu ya rasu, tabarmi suka kasa. Mutane daga kowane ƙauye na hanyar nan suka zo, da yawa ba mu san su ba. Har da wani dattijo da ya ɗaure jakinsa a ƙofar gida, ya ce shi ma bai san sunan mamacin ba sai yau, amma ba a taɓa gaishe shi haka ba.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya haskaka makwancinsa. Yadda bai wuce kowa ba, ya Allah kada rahamarka ta wuce shi.