Sakatariyar da Ba Ta Iya Tambayar Oga

Shekara ashirin da shida ta yi tana sakatariyar manaja, ba ta taɓa barin saƙonsa ya kwana ba amsa ba. Sai kamfani ya kawo mai koyar da gane imel ɗin 'yan damfara, wanda zai riƙa aiko wa ma'aikata saƙon bogi don gwaji. Ya ce duk saƙon gaggawa a kira mai shi a tabbatar, kuma wanda ya faɗa tarkon gwaji sau uku zai bar kujerarsa.

"Ɗana, in kira Oga in tambaye shi ko shi ne? Da wane bakin?" ta ce. Aka yi dariya.

Sau uku saƙon bogi ya zo da sunan manaja, sau uku ta amsa nan take. Yanzu tana jera tsofaffin fayiloli a ɗaki marar taga.