Takarda Mai Hoton Shuɗin Labule

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ba ni harshe bai ba ni alƙalami ba. Surukata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Labarin autata zan bayar.

Auta ta yi shekara goma sha ɗaya tana buga takardu a ofishin wani kamfanin manyan motoci. Ɗaki ne ba taga, fanka na ta kuka, direbobi na leƙowa suna ce mata, "Sakatariya, yau ma an ɗaure mana fuskar?" Aurenta bai yi tsawon rai ba, ta dawo gabana, ɗakinmu ɗaya. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Sai babanta ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata tara ita ke yi masa tausa, ta yanke masa farce, ta shafe masa diddige da mai. Da bakin nan nasa da ya karkace yake ce mata, "Wannan hannun an yi asararsa a ofis." Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwar ta zo ta durƙusa. "Inna, zan bar aikin nan. Gyaran jiki nake so in koya. Fata, farce, tausa."

Yayanta ya kwashe da dariya. "Za ki bar kujera mai juyawa ki koma wankin ƙafar mutane?"

Ta ce, "Da taka zan fara, Yaya. Kaushinka ya isa kankare tukunya."

Hanya uku ta samo, ta zauna ta warware mini su. Akwai shagon bakin layinmu, za ta koya a hannun mai shagon, sai dai ba takardar shaida, kuma shekarar farko shara ce da wankin tawul. Akwai ajin yamma, wata shida, ba sai ta bar ofis ba, amma a kan roba suke koyo, kan mutum na roba da gashin ƙarya. Ta ce, "Inna, roba ba ta cewa wash." Ta ukun makaranta ce, shekara biyu, har ciwon fata ake koya musu. Da ta zo kan wannan sai muryarta ta yi ƙasa, don tafiyar yini guda ce a mota.

Kowace da takardar tallarta. Ta zuba mini su a cinya. "Ki yi mini istihara. Wadda kika miƙo mini ita zan bi."

Kwana uku suna ƙarƙashin dardumata. Rubuta gaskiya, 'yar nan, kar ki gyara: addu'a na yi, amma zuciyata ta riga ta yi zaɓinta. Shagon layinmu nake so, inda zan leƙa ta ƙofa in hango ta. Kunya ta hana ni tambayar kowa wacce ce wacce, kar a gane inda na dosa. Sai na bi hoto. Ɗaya da kan roba, na ture ta. Ɗaya da wani katafaren bene, na ce wannan ta nesa ce. Ta ƙarshen ɗan ɗaki ne da siririn gado da shuɗin labule, sak na layinmu.

Da hantsi na miƙa mata. "Ga ta. Allah ya yi albarka."

Ta duba, ta sake dubawa, sai ta faɗo jikina tana kuka. "Inna, kin yarda in tafi? Wallahi ita nake so, tsoron faɗa miki nake yi."

Ashe mai shagon layinmu ce ta manna hoton benen wasu a takardarta don burga. Makarantar nesan kuwa hoton ajinsu kawai suka saka. Amma albarka ta riga ta fita daga bakina, ga kuma fuskar yarinyar da rabon da in gan ta haka tun babanta na da lafiya. Na haɗiye maganata. Na ce a raina, ke kin so ki yi wa istihara wayo, Mai ita ya nuna miki.

Yau shekara biyu da wata ɗaya. Katifarta na jingine da bango. Idan ta bugo waya tana ba ni labarin tururi da man goge fata, rabi nake ganewa, muryar nake saurare.

Jiya ta kira. Ta gama, kuma makarantar ta ce ta zauna ta riƙa koyar da sababbi. "Inna, in kin ce in dawo, gobe ina hanya."

Wannan karon ba takardar da zan ɗora wa laifi. Na ce, "Ke me ranki yake so?"

Ta yi shiru. Na san shirun nan, ni na goya shi.

Na ce, "Zauna, Auta. Allah ya yi albarka."

Ta ce, "Muryarki fa, Inna?"

Na ce mura ce. Allah ya yafe mini wannan ma.